Wasiƙa zuwa ga Yaya daga garin gishirin Turawa

Yaya, assalamu alaikum. Ina yini, ina gida, ina zafi? Na san a wannan wata na Afrilu Damagaram ta ɗau wuta, masu ga-ruwa sun fara ja wa mutane rai. A gaishe mini da Inna gaisuwa ta musamman, da Kawu na Zango, da yaran duka. Ni lafiyata lau, sai sanyin da ya ƙi tafiya. Ina rubutun nan ƙanƙara na kwance fari fat a kan duwatsun da ke bayan ɗakina.

Tun ranar da na turo hoton nan da nake tsaye bakin ruwa ban huta ba. Kai ka tambaye ni farashin kaya da abin da za a iya sarowa, Inna ta tambaya ko ina samun tuwo, ƴan fadarmu kuma sun ɗauki albashina sun buga shi da 656, sun yanke hukuncin cewa na yi ban kwana da talauci. Auta har ya fara maganar fasfo. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, Yaya. Saƙon murya na minti biyu ba zai ɗauki amsar ba, shi ya sa na zauna na rubuta, na ajiye inda kowa zai gani, in huta da maimaici.

Sunan garin Hallstatt, su suna faɗinsa kamar "Halshtat". Yana ƙasar Ostiriya, cikin yankin da suke kira Salzkammergut, wanda in za a juya shi da Hausa sai a ce gandun gishirin sarki. Daga Biyana, babban birnin ƙasar, na shiga jirgin ƙasa, na canja a wata mahaɗa mai suna Attnang-Puchheim, daga nan jirgin ya yi ta kurɗawa tsakanin duwatsu. Da aka ce an iso na sauko da jakata, na duba gabas na duba yamma, babu gari. Ƴar rumfa ce da daji da gangare. Garin yana can tsallaken tafki, manne jikin dutse kamar sheƙar tsattsewa. Ashe tasha a wannan gaɓa take, gari a waccan, wani ƙaramin jirgin ruwa ne ke tarar fasinja ya tsallakar da su cikin kamar minti goma. Ka san ni, ruwan da na taɓa gani mafi girma shi ne tafkin Gidimuni, shi ma daga baki. Wannan kuwa zurfinsa ya kai mita 125. Duk addu'ar da Inna ta koya mana muna yara sai da na karanto ta kafin mu kai.

Mutanen garin ba su kai 800 ba. Fili kuma babu. Dutse a baya, ruwa a gaba, sai aka yi ta ɗora gida bisa gida, ƙofar wani a saitin rufin wani, lunguna rabinsu matakala. Ko itacen marmari manna shi suke da bango ya hau kamar ƙyanƙyasar kabewa a dangarmu, don babu wurin da zai buɗe reshe. Har wajen ƙarshen ƙarni na 19 kwale-kwale ko ƴar turbar ƙafa ce kaɗai ke kawo mutum nan. Yanzu mota tana bi ta ramin da aka fasa cikin dutse, ta wuce ta bayan gidaje, cikin gari kuwa kowa da ƙafarsa. Kudu da mu akwai dutsen Dachstein mai tsawon mita 2,995. Ka tuna Bagzan da muke jinjinawa a Abzin, ƙololuwarsa 2,022 ce.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya zaunar da ɗan Adam a wannan maƙoƙo, ba gona ba makiyaya. Amsar ita ce abin da ya zaunar da mutanen Balma a tsakiyar Tenere: gishiri. Ranar da na gane haka Baba na tuna, Allah ya jiƙansa, yana zaune a kasuwar Dole tsakanin kantu da buhunan beza, yana jiran labarin saukar ayari. A saman garin nan akwai dutsen da masana suka ce an kai shekara 7,000 ana cin gishirinsa. A 1846 wani shugaban mahaƙa mai suna Johann Georg Ramsauer ya ci karo da tsohuwar maƙabarta a can, ya tone kaburbura kusan 1,000, aka sami takubba da tasoshin tagulla da kayan ƙawa da suka fito daga ƙasashe masu nisa, duk gishiri ya jawo su. Har wani zamani guda na tarihin Turai, farkon zamanin ƙarfe, aka sa wa sunan ƙauyen nan. Na shiga ramin sau ɗaya, aka ba mu riga da wando na mahaƙa, aka nuna mana wata matakalar itace da ta haura shekara 3,000 ba ta ruɓe ba, gishiri ya riƙe ta. Sun ce a 1734 ma an tono gawar wani mahaƙi na zamanin da, da kayan jikinsa, gishiri ya shanya shi kamar kilishi. Mahaƙan in sun haɗu ba sa cewa sannu, "Glück auf" suke cewa, addu'a ce ta a dace a fito lafiya.

Abin da zai ba ka sha'awa shi ne yadda suke fitar da shi. Ruwa suke turawa cikin dutsen ya narkar da gishirin, ruwan gishirin ya biyo bututu kilomita 40 zuwa wani gari Ebensee, a can a dafa shi ya ƙafe. Bututun farko tsakanin 1595 da 1607 aka shimfiɗa shi, da gungumen itace wajen 13,000 da aka rarake aka haɗa baki da baki. Dalili kuwa itacen dahuwa ne ya yi musu ƙaranci a nan, suka ga gara a kai ruwan inda daji yake. Mu a Balma rana ce ke dafa mana kyauta, raƙumi ne bututunmu. Na faɗa wa wani tsoho da ya yi ritaya daga ramin cewa a ƙasarmu har yau ana zuba gishiri a kwarkwaron itacen dabino ya daskare, raƙuma su keto hamada da shi su musanya da gero. Ya riƙe baki. Ya ce shi bai taɓa ganin gishirin da rana ta dafa a tsakiyar yashi ba.

To, batun sari da ka yi. A babban kanti rabin kilo na gishirin yankin nan bai kai yuro 1 ba. Shi ɗin dai, in an zuba shi a ƴar kwalba an manna hoton gari an ɗaura zare, a lungunmu sai ka ji yuro 6 ko 8. Da Baba ya gani da ya ce waɗannan kwalba suke sayarwa. Babu cinikin gishiri tsakaninmu da su, ka cire wannan a lissafi.

Kwalbar nan ita ce labarin garin gaba ɗaya. A 1997 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, kamar yadda aka sa tsohon garin Agadas a 2013. A 2012 wasu a lardin Guangdong na ƙasar Sin suka gina kwafinsa sukutum, har da coci da dandalin kasuwa. Daga nan sai abin ya ɓalle. In lokacin baƙi ya yi, a yini guda mutum 10,000 kan shigo garin da bai kai 800 ba. Bas ta sauke su, su bi titi ɗaya tilo na bakin ruwa, su tsaya a kwanar nan da na ɗauki hotona, su ɗauka su juya. Tun 2020 aka ƙayyade yawan bas-bas, kowace sai ta kama lokaci tun kafin ta taso. A 2023 magajin gari ya sa aka kafa shingen katako a kwanar hoton don rage cunkoso, surutu ya yi yawa aka cire shi bayan ƴan kwanaki, a watan Agusta na shekarar kuma ƴan gari suka fito suka tare bakin ramin mota na ɗan lokaci don a ji kukansu. Ko'ina ka duba allo ne: a rage murya, kada a tashi jirgin ɗaukar hoto, nan gidan mutane ne. Maƙwabciyata tsohuwa ta ce an taɓa buɗe mata ƙofar lambu aka shigo ana ɗaukarta tana shanya, wai sun zaci ita ma cikin kayan kallo take.

Ni dai ba ni da bakin zagin baƙin nan, don kwanonin da suke ɓatawa nake wankewa, dankalin da suke ci nake ferewa, da shi nake turo muku abin da nake turowa. Amma kasuwar garin tasu ce. Za ka samu fitilar gishiri da ƴar tsana da hular ado a ƙofa goma a jere, allura da zare kuwa sai ka shiga mota. Akwai ɗan kanti na kayan masarufi, yana fitar da mutum kunya, sai dai tsada. Cefane na gaske sai Bad Goisern, kilomita goma da ƴan kai, ko Bad Ischl, wajen kilomita 20. Kofi ɗaya a bakin ruwa kusan jikka 3 ne in ka juya, kuɗin shayi da burodinka na sati wajen mai shayin bakin tasha. Bayin gwamnati yuro 1. Ka faɗa wa ƴan fada fitsari a nan dala 131 ne, su sa wannan ma a lissafinsu.

Akwai abin da ke da araha in ka auna da albashi: madara, dankalin Turawa, fulawa, taliya, sukari, tuffa. Madarar kam ban taɓa shan irinta ba, lita guda wajen jikka 1. Da rani ya shigo musu, wato lokacin ɗumi, makiyayansu kan kora shanu saman duwatsu su ci ɗanyar ciyawa, kamar yadda Fulani da Buzaye ke hawa arewa da damina, a watan Satumba su gangaro da su an yi musu ado da furanni da ƙararrawa. Cukunsu kala-kala ne, wani warinsa sai ka toshe hanci, su kuma shi suka fi so. Albasarsu manya-manya, ruwa zalla, ƙwaya ɗaya ta Galmi ta fi uku daga ciki. Tumatir da sanyi ja ne a ido, a baki lami. Abin da suke kira yaji ko Inna da ke gudun yaji za ta sha shi da cokali.

Ki yi haƙuri Inna, tuwo sai jefi-jefi. Na yi murna ranar da na ga an rubuta gero a wani ɗan ƙunshi a sashen abincin masu kula da lafiya. Rabin kilo wajen yuro 2 da rabi, ka ga tiya guda ta tasar wa jikka 8 ke nan. Na saya duk da haka. Da na buɗe sai na ga wani gero ne daban, rawaya, ƙanana, an sussuke shi tas, ba ƙamshi. Na gwada fura da shi, abin da ya fito ko almajiri sai ya yi tunani. Yanzu da garin semolina nake tuƙa abin da nake kira tuwo don in kwantar da raina. Kuɓewa da manja da busasshen kifi sai Salzburg, kilomita 70 da wani abu, a shagunan ƴan Afirka da ƴan Asiya. Naman halal ma wajen mahautan Turkawa nake sayowa a manyan garuruwa in cika firiza, don a nan alade ya shiga komai, har miyar da ka ga kamar ganye ce zalla sai ka tambaya da me aka soya ta. Kifin tafkin ne ya rufa mini asiri. Suna da wani fari da suke kira Reinanke, ana banda shi a hayaƙi, daɗi kamar me, amma ba kowa ke jefa ƙugiya ba. Tafkin na hukumar gandun daji ne, sai da takarda.

Yanayin cinikin shi ya fi ba ni wuya. Babu tayi, babu albarka, babu gyara. Ba za ka sayi man dala 20 ko ƙullin sukari ba, yadda aka ƙunso shi haka za ka ɗauka. Babu "rubuta mini sai ƙarshen wata" irin na mai butikin ƙofar gidanmu. Jakar zuba kaya saye ake, keken tura kaya sai ka saka masa ƙwandala ya saku. Mai karɓar kuɗi tana wurgo maka kaya da sauri kamar ana korarta, na bayanka yana kallon agogo. Ranar Lahadi manyan kantuna a rufe, Asabar ƙarfe 6 na yamma an tashi. Lahadina ta farko ban sani ba, na shiga bas na tafi cefane na tarar da gari tsit kamar an yi gobara an watse, na dawo na kwana da busasshen burodi da ruwan shayi. Na tuna ranar Lahadi ce kasuwar Mirriya ke ci, na yi dariya ni kaɗai.

Sai dai in na faɗi wannan dole in faɗi ɗayan. Kilo kilo ne, ba a buga wa mudu gindi. Abin da aka rubuta a jikin kaya shi ke ciki. In ka sayi sabon abu ya lalace ba da laifinka ba, doka ta ba ka shekara 2 ka mayar da rasitinka a gyara ko a canja. Na mayar da butar dafa ruwa bayan wata bakwai, na shirya dogon bayani da rantsuwa, matar ko kallona ba ta yi ba ta miƙo sabuwa. Salula da kwamfuta da ka tambaya kuwa, ba su fi na Kano araha ba, don harajin kashi 20 cikin 100 ke kansu, abinci ne ake ɗora wa ƙasa da haka. Tsohuwar mota ana samu da sauƙi, amma tun da hanyar Kwatano ta rikice a 2023, kuɗin kai ta gida zai cinye ribar.

Ruwa, Yaya. Na ajiye shi sai yanzu don shi ya fi taɓa ni. Pampon ɗakina daga idon ruwan cikin dutse yake, sanyi ƙarara, ba a tafasawa ba a tacewa, dare da rana bai taɓa yin tari ba. Wani rafi yana faɗowa daga dutse a tsakiyar gari, ƙararsa ce ke sa ni barci. Watannina na farko in na ga abokan aiki sun saki pampo yana zuba suna hira, sai in ji kamar jinina ne ke tsiyaya, in miƙa hannu in rufe, su yi ta mamaki. Ina zan fara yi musu bayanin tashin ƙarfe 3 na dare a jera bido, ko ranar da Inna ta raba mana tulu ɗaya mu bakwai? Ruwan sama da ke sauka nan a shekara ya ninka namu fiye da sau uku. Shi ma yana da nasa sharrin: a watan Yuni na 2013 rafin nan ya ɓalle da laka da duwatsu ya cika dandalin kasuwa, har yau suna zancen. Kuran kuwa, wato wutar lantarki, tun zuwana sau ɗaya na ga an ɗauke, an kuma sanar tun kafin ranar. Yawancinsa daga ruwan duwatsun nan suke samunsa.

Shara aiki ce mai zaman kanta. Takarda daban, kwalba fara daban mai launi daban, roba daban, ɓawon abinci daban. Tun farkon 2025 kowace gorar roba da gwangwanin lemo akwai ajiyar santi 25 a kanta, in ka mayar cikin inji ya ba ka abinka. Na ce da yaran unguwarmu ne da sun share ƙasar nan cikin sati.

Duk abin da ya biyo bututu ko waya ko dokar hukuma, a nan ba ka da fargabarsa. Inda kuɗi ke ƙonewa shi ne duk abin da sai ɗan Adam ya sa maka hannu. Aski yuro 25, jikka 16 ke nan, kuma sai ka kama lokaci. Na sayi injin aski ina yi wa kaina a madubi, ƙeyar kuwa Allah kaɗai ya san halin da take ciki. Rage tsawon wando ya kusa kuɗin wandon. Mai gyaran pampo tun daga fitowarsa gida ake lissafa masa. Takalmina ya ɓalle na nemi mai ɗinki, aka ce sai Bad Ischl, da na ji kuɗin na gane dalilin da ya sa suke jefar da abu su sayi sabo. A gida kana zaune a ƙofa wanzami zai wuce, mai yankan farce zai wuce, tela da kekensa a ka, mai nono, mai itace, mai gyaran rediyo, kasuwa ce ke zuwa ta same ka. Nan ko tsinke babu mai kawo maka sai ɗan gidan waya da kayan da ka saya ta intanet, shi ma yana haki don matakalar gidanmu ta fi 80.

Bas da jirgi suna zuwa a kan minti, amma da dare ya yi an gama. Wata rana na dawo daga Salzburg a makare, ban san jirgin ruwan ya tashi aiki ba. Allah ya taimake ni wani fasinja ya ce kada in sauka a tashar tsallake, in wuce Obertraun. Daga can tasi na ɗauka, tafiyar kilomita biyar, na biya abin da zai kai ni Maraɗi daga Damagaram in dawo. Babu kabu-kabu da za ka ɗaga wa hannu.

Likita kuma ga yadda take. Ana cire inshora daga albashi tun kafin ya iso hannunka, a ba ka wani koren kati. Da shi za ka ga likita ba ka ciro ko dala ba. Magani in likita ya rubuta, yuro 7 da ƴan kai kake biya kan kowane kwali, komai tsadarsa. Amma ko maganin ciwon kai sai farmasi, babu mai tebur ko mai yawo da kwali a ka, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba takarda ba magani, ko za ka yi kuka. Babbar asibiti tana Bad Ischl. In abu ya yi tsanani 144 ake kira, wanda ya faɗi a dutse jirgi mai saukar ungulu ke ɗauko shi. Likitan ido ko na ƙashi kuwa sai ka yi makonni kana jiran ranarka. Na kwana biyu a asibiti da na yanke hannu a wurin aiki. Gado tsaf, abinci kan lokaci, babu wanda ya ce in sayo safar hannu ko allura. Babu kuma wanda ya shimfiɗa tabarma a gefena. Tsohon da ke gadon kusa da ni ɗiyarsa ta zo sau ɗaya da furanni, ta yi minti ashirin. Na tuna kwanciyar Baba, yadda kwanonin dubiya suka cika ƙarƙashin gado har muna rabawa maƙwabta, na juya fuska bango.

Sanyi ba irin na hunturunmu ba ne da za ka hura wuta da safe, hantsi ya yi ka tuɓe riga. A Disamba ƙarfe 4 da ƴan mintuna rana ta faɗi, kuma saboda tsayin duwatsu ɓangaren da nake yakan yi makonni ba ta leƙo shi ba sam, sai dai ka hango haskenta a dutsen tsallake. Ni da na taso ina gudun rana, sai ga ni ina shiga jirgin ruwa ranar hutu don kawai in je inda take in tsaya. A Yuni kuma har ƙarfe 9 na dare da haske, isha'i ta yi nisa, asuba ta matso. Allah ya sa azumin shekarun nan a ƙarshen sanyi yake faɗowa.

Kiran salla babu, salula ce ladanina. Alƙibla tana kudu maso gabas, saitin tafki. Ƙararrawar coci biyu ce ke raba mana lokaci, ta Katolika a sama jikin dutse, ta Furotesta mai dogon tsini a bakin ruwa, wadda ka gani a hoto. Kowace Asabar da tsakar rana ana busa jiniyar gwaji, ta farko da na ji na saki wuƙa na yi waje, masu girki suna ta dariya. Juma'a sai in ranar hutuna ta faɗo, in yi tafiya in bi Turkawa da ƴan Bosniya. Mutanen garin ba su da saurin sakin jiki, amma duk wanda ka haɗu da shi a matakala zai ce "Grüß Gott", in ya saba da kai ya koma "Griaß di". Shekara ta zagayo kafin maƙwabciyar nan ta miƙo mini wainar tuffa ta katanga, ta kuma ce babu man alade a ciki, ta tambaya ta tabbatar.

Rashin fili har matattu ya shafa. Maƙabartarsu ƴar mitsitsiya ce a jikin cocin sama, don haka a da in kabari ya yi shekara 10 zuwa 15 sai a tone, a wanke ƙoƙon kai a shanya, a rubuta sunan mai shi a goshi, a zana masa furanni ko ganye, a jera a wani ɗaki. Akwai wajen 1,200 a ciki, kusan rabi da zane, na ƙarshe a 1995 aka saka shi bisa wasiyyar mai shi. Yanzu baƙi na biyan kuɗi su shiga kallo. Na leƙa sau ɗaya na fito ina salati. Na riga na gaya wa ƴan'uwa da ke birnin Linz, in ta Allah ta kasance a kaina a nan, a yi karo-karo a maida ni gida kusa da Baba.

Ga lissafin da ƴan fada ke so. Abin da ke shigowa hannuna a wata wajen yuro 1,600 ne, ya ɗan haura miliyan 1 na sefa, kuma a ƙasar nan albashi 14 ake biya a shekara, ɗaya ƙari da rani ɗaya kafin Kirsimeti. Abin da ya cece ni shi ne mai gidan da nake wa aiki ya ba ni ɗaki da abincin rana. Da haya nake kamawa, in ma an samu, don masu gidaje sun fi son baƙon kwana biyu, da kashi ɗaya cikin uku ya tafi kafin a zo maganar ɗumama ɗaki. Rigar sanyi da takalmin ƙanƙara kaɗai sun ci mini rabin albashin farko. Aikin kuma na lokaci ne, in baƙi sun ja baya a Nuwamba wasu wuraren rufewa suke. Tsayuwa ce ta awa tara, hannu cikin ruwa, ranar da ka ga mutum 10,000 a titi ka san ko zama ba za mu yi ba.

Auta, kai nake wa magana yanzu. Ban ce kada ka zo ba. Suna neman ma'aikata, masu girki da masu aikin kuran da masu jinya, har suna da takardar zama ta masu sana'a da suke kira Rot-Weiß-Rot. Amma sana'a suke nema da shedarta a takarda, da Jamusanci, Faransancinmu ba ya sayen ko burodi a nan, Jamusancin makaranta ma in ɗan dutse ya buɗe baki sai ka rantse wani yare ne. Ƙasa ce da in ka sauya ɗaki kwana 3 aka ba ka ka je ka rubuta kanka wurin hukuma. Gari mai mutum 800 da titi ɗaya, baƙar fata marar takarda ina zai ɓuya? Ka gama koyon aikin kuran ɗin da ka fara, ka karɓi shedarka, ni zan biya maka kuɗin koyon harshe. Hanyar hamada kuwa, in ka bi ta ban yafe ba, Inna ma na san ba za ta yafe ba.

Yaya, wani ɗan Maraɗi da ke Linz zai zo gida bayan salla, na ba shi lambarka. A haɗa mini kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin Inna, tattasan Diffa daka, da gero ko tiya guda ce, na gaske. Kada a saka kilishi ko cuku ko man shanu, dokar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jaka, a filin jirgi za a ƙwace, ƙila har da tara. Daddawa a naɗe ta leda uku a saka a gwangwani, don ta bara sai da abokan aikina suka yi ta neman abin da ya mutu a bayan firiza. Ka kuma leƙa layin su Baba a kasuwar Dole, ka samo mini ɗan gutsuren kantu da beza cikin tafi guda. Na yi wa tsohon mahaƙin nan alkawari, kullum muka haɗu a matakala sai ya tambaye ni ko raƙuman sun iso.